An Tura Ni Kebbe Daga Sanyinna: In Tafi Ko In Ƙi?

TAMBAYA

Malam, ina neman shawararka a kan wani al'amari da ya hana ni barci.

Ni malamin makarantar gwamnati ne a ƙasar Sanyinna, ina mataki na 9, kuma na daɗe ina koyar da lissafi a wuri ɗaya. Makon jiya wani abokin aikina ya turo mini hoton wata takarda ta WhatsApp, jerin sunayen waɗanda aka yi wa taransifa. Ina dubawa sai ga sunana, an tura ni wani ƙauye a ƙaramar hukumar Kebbe. Har yau ba a ba ni takarda a hannu ba, amma an aiko mini da baki cewa in miƙa aji in kama hanya.

Abin da ya sa raina bai kwanta ba shi ne, kwanakin baya mun sami saɓani da wani na gaba da ni a kan wasu kuɗi da aka karɓa daga hannun iyayen yara. Na faɗi abin da na sani a gaban taron malamai, da aka tashi ya ce mini zan gani. Tun da na fara aiki ba a taɓa ba ni takardar tuhuma ba. Ga mahaifiyata ta tsufa, tana fama da hawan jini, ni nake kai ta asibiti. Kuma kowa ya san halin da wasu hanyoyin can suke ciki.

Abokaina sun rabu uku. Wasu sun ce in yi zamana, ba abin da za a yi. Wasu sun ce in je in ga wani babban ɗan siyasa na yankinmu ya sa baki. Wasu sun ce in kai ƙara kotu. Malam, shin ma'aikaci yana da wani haƙƙi idan aka canza masa wurin aiki, ko kuwa sai yadda aka yi da shi?

Wani malamin makaranta, Sanyinna.

AMSA

Allah ya ba gyatuma lafiya, ya sa ɗawainiyar da kake yi da ita a mizani.

Bari in fara da abin da ba zai yi maka daɗi ba, domin shi ya fi gaggawa: kada ka ƙi tafiya. Da zarar takarda ta gaskiya ta shigo hannunka, ka je ka kama aiki inda aka tura ka, sa'annan ka kai kukanka daga can. Masu ce maka ka yi zamanka suna ƙaunarka, amma ranar da za a tsayar da albashi ba nasu za a tsayar ba.

Gwamnati ba ta neman yardar ma'aikaci kafin ta sauya masa wurin aiki. Ɗauko takardar da aka ɗauke ka aiki da ita ka sake karantawa. Galibin irinta suna ɗauke da sharaɗin cewa za a iya tura mutum duk inda aiki ya buƙace shi, kuma a kan haka ya sa hannu ya karɓa. Kotunan Najeriya sun daɗe suna ɗaukar rarraba ma'aikata a matsayin hurumin wanda ya ɗauke su. Ka tuna watan Janairun 2024, da Babban Bankin Najeriya ya ce zai mayar da wasu sassansa daga Abuja zuwa Legas, lamarin da ya shafi ma'aikata sama da 1,500, hukumar filayen jiragen sama ta FAAN ita ma ta kwashe hedikwatarta zuwa can. Sanatocin Arewa sun yi magana, Sanata Ali Ndume ya yi ta kumfar baki a gidajen talabijin, amma daga ƙarshe ma'aikatan sun ɗaure kayansu sun tafi. Tsofaffin ma'aikatan jiharku ma za su ba ka labarin 1991 da aka cire Kebbi daga Sakkwato, da 1996 da aka cire Zamfara. Mutane masu gidajen kansu a birnin Shehu, da 'ya'ya a makaranta, aka ce su koma Birnin Kebbi ko Gusau, suka koma.

A littafin ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya, bugun 2008 wanda aka sabunta a 2021, ƙin zuwa inda aka tura ma'aikaci laifi ne da aka ambata da sunansa a jerin laifuffukan rashin ɗa'a. Rashin zuwa aiki ba da izini ba kuwa ya fi shi nauyi, yana cikin manyan laifuffukan da ake kora a kansu, kora kuma tana iya cinye wa mutum haƙƙoƙin ritayarsa. Kai ma'aikacin jiha ne, jihar Sakkwato tana da nata littafin, amma littattafan jihohi a kan tsarin na tarayya aka gina su. Ka nemi na jiharku a ofishin kula da ma'aikata, ka karanta babin canjin aiki da na ladabtarwa da na koke da idonka, domin shi za a buɗe maka ranar da magana ta tashi. Idan zarginka gaskiya ne, wani ne ya kitsa maka wannan tafiya don ya huce haushi, to babu abin da zai faranta masa rai kamar ka ƙi zuwa. A yau ba shi da laifin da zai rubuta a fayil ɗinka. In ka yi wata guda a gida, kai da kanka ka ba shi.

Amma wannan iko na gwamnati ba sakaka yake ba, yana da hanyar da dole ya bi, kuma a nan haƙƙinka yake.

Farkonsa takarda. Hoton da ya zo ta WhatsApp labari ne kawai, saƙon baki kuwa ko matsayin labarin bai kai ba. Takardar canjin aiki tana da kamanninta: sunan hukuma a sama, lambar fayil da kwanan wata, sunanka da matakinka, wurin da za ka bari da wurin da za ka je, ranar da canjin zai fara aiki, sai sa hannun jami'i da sunansa da muƙaminsa a ƙasa, sau da yawa da alamar cewa a madadin shugaban hukuma ya sa, daga can gindi kuma jerin waɗanda aka aika wa kwafi. Wani lokaci takarda ɗaya ake yi wa mutum talatin, a manna jerin sunaye a bayanta. Wannan ma ya yi, muddin ta fito daga inda ya kamata kuma aka ba ka kwafinka. Gobe da safe ka rubuta wa shugaban makarantarku 'yar gajeruwar wasiƙa cewa ka ji an canza maka wuri, kana roƙon a ba ka takardar a hukumance, kuma kana nan bakin aikinka har ta iso. Ka ci gaba da sa hannu a littafin zuwa aiki kullum kafin a ja jan layi, ka shiga ajinka ka koyar. Kada ka miƙa aji a kan maganar baki. In ka bar nan babu takarda, can kuma ba su san da zuwanka ba, ka zama ba ka nan ba ka can, a idon hukuma kuma sunan wannan rashin zuwa aiki.

Idan takardar ta zo, duba wanda ya sa mata hannu, domin ba kowane mai kujera ke da ikon ɗaga ma'aikaci ba. Malaman firamare suna ƙarƙashin hukumar SUBEB ta jiha da ofisoshin ilimi na ƙananan hukumomi. Malaman sakandare suna ƙarƙashin hukumar kula da malamai ta jiha da ma'aikatar ilimi. Ma'aikatan ƙananan hukumomi daga mataki na 7 zuwa sama, hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ce ke juya su a tsakanin ƙananan hukumomi 23 na jihar, na mataki na 1 zuwa na 6 kuwa suna hannun ƙaramar hukumarsu. Ma'aikatan sakatariya suna ƙarƙashin Hukumar Ma'aikata ta Jiha wadda sashe na 197 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kafa, da ofishin Shugaban Ma'aikata. Takardar ɗaukarka aiki za ta nuna maka gidan da kake. Abin da ya shafe ka kai tsaye shi ne, Sanyinna a ƙaramar hukumar Tambuwal take, an kuma tura ka Kebbe. Shugaban makaranta ba shi da ikon yin wannan da alƙalaminsa, haka ma jami'in da ikonsa ya tsaya a iyakar ƙaramar hukuma ɗaya. Sai dai suna iya ba da shawara a tura wane, kuma ta wannan ƙofa ƙeta ta saba shiga, domin wanda ke zaune a Sakkwato yana sa hannu a jerin sunaye bai san fuskarka ba, balle abin da ya faru a taron malamai.

Ka kuma tabbatar da irin canjin da aka yi maka. Sauya wa mutum tasha a cikin hukumarsa, wanda ga alama shi ne naka, ba ya buƙatar yardarsa. Mayar da shi dungurungum daga wata hukuma zuwa wata, ko daga wani layin aiki zuwa wani, magana ce dabam mai nata sharuɗɗan, kuma hukumar ma'aikata ce ke amincewa da ita. Akwai kuma aron ma'aikaci na wani lokaci, wanda a ƙa'idar tarayya ake fara yi da shekara biyu.

Kowane iri ne, canjin wuri ba ya rage mataki, ba ya rage albashi, ba ya taɓa shekarun aikinka ko ranar da ƙarin girmanka ya dace. Ka tafi kana mataki na 9, ka isa kana mataki na 9. In aka kai ka inda za a sa ka aikin da bai kai matakinka ba, ko aka ajiye ka babu aji babu aiki, wannan ma abin rubutawa ne a cikin koke. Ƙa'idar tarayya ta tanadi kuɗin mota ga ma'aikaci da iyalinsa da kayansa, da kuɗin masauki na kwana 28 na farko, da alawus na sake matsuguni. Abin da jiha ke biya nata littafin da takardun sanarwarta ne za su faɗa, kuma kai ma ka san ba kasafai ake ba malamin makaranta waɗannan kuɗi ba. Duk da haka ka nema a rubuce, ka ajiye rasit, domin wanda bai nema ba ba ya bin bashi. Sai ka kiyaye abu ɗaya: wanda ya nemi canji da kansa ba ya samun alawus na sake matsuguni. In wani ya ce ka rubuta cewa kai ka roƙi a mayar da kai Kebbe don a sauƙaƙa lamari, kada ka rubuta. Layin nan ɗaya zai cinye kuɗinka, ya kuma kashe duk wani ƙorafi da za ka yi nan gaba.

Yanzu ga gundarin tambayarka, wato zargin cewa horo ne aka yi maka da sunan taransifa.

An yi zamanin da ma'aikacin gwamnati a ƙasar nan ba shi da bakin magana. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata fiye da 10,000, da yawansu a rediyo suka ji. A 1984 dokar soja mai lamba 17 ta rufe wa wanda aka kora ƙofar kotu. Amma a tsakanin waɗannan biyun, a 1981, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Shitta-Bey, wani lauyan Ma'aikatar Shari'a ta Tarayya da aka yi wa ritayar dole ba tare da bin ƙa'ida ba. Kotun ta ce a mayar da shi aikinsa, ta kuma tabbatar da cewa ƙa'idojin aikin gwamnati suna da ƙarfin doka, ma'aikaci ba da ganin damar wani yake riƙe da kujerarsa ba. A 1985 ta ƙarfafa wannan a shari'ar Olaniyan da Jami'ar Legas, inda aka cire manyan malamai ba a saurare su ba. Waɗannan shari'u a kan kora da ritayar dole aka yi su, don haka kada wani ya ruɗe ka cewa sun isa su hana a tura ka Kebbe. Abin da suka kafa shi ne, ba a hukunta ma'aikaci sai an bi hanya, sashe na 36 na kundin tsarin mulki kuma ya ba kowa haƙƙin a ji ta bakinsa.

Hanyar kuwa sananniya ce. A ba mutum takardar tuhuma da ta fayyace laifin da ake zarginsa da shi. A ba shi lokacin amsawa. In an kafa kwamiti, ya bayyana a gabansa, ya ga takardun da za a yi hujja da su a kansa, ya yi wa shaidu tambaya. Hukuncin da ake yankewa ma a lissafe yake: gargaɗi, riƙe ƙarin albashi, rage mataki, sallama, kora. A jerin da ƙa'idar tarayya ta kawo babu taransifa. Saboda haka in takardarka, ko wata takarda a fayil ɗinka, ta nuna cewa don wani laifi aka ɗaga ka alhali ba a taɓa tuhumarka ba, to hujjarka ta yi ƙarfi ƙwarai.

Shi ya sa ba a rubuta haka. Abin da ake rubutawa shi ne an yi canjin domin buƙatar aiki, daga nan nauyin kawo shaida ya dawo wuyanka. "Ya ce zan gani" magana ce da ke ƙona zuciya, amma ita kaɗai ba ta tsayawa a gaban kwamiti. Abin da ke tsayawa shi ne kwanan watan taron da kuka yi saɓani da kwanan watan takardar canji, a jere. Sai rubutaccen bayanin taron in an yi, da malaman da za su yarda su faɗi abin da suka ji da sunansu. Sai tambayoyin da duk mai hankali zai yi: wa zai koyar da lissafi a makarantar da ka bari, an turo wani ko an bar ajin haka nan? Makarantar da aka kai ka tana da malamin lissafi ko ba ta da shi? Akwai waɗanda suka fi ka daɗewa a wurin da ba a taɓa su ba? A tsakiyar zango aka yi canjin ko a lokacin da aka saba yi? Ka yi wa kanka adalci wajen amsa su. Idan jerin sunayen nan ya ƙunshi malamai da yawa daga makarantu dabam-dabam, kuma ƙauyen da aka tura ka ya shekara babu mai koyar da lissafi, to mai yiwuwa canjin na gaskiya ne, saɓaninku ya zo daidai da shi ne kawai. Idan kuwa kai kaɗai aka zare daga makarantarku, aka bar yara babu malami ana gab da jarrabawa, wannan abu ne da jami'i mai gaskiya zai tsaya ya duba.

Maganar kuɗin iyayen yara kada ka cakuɗa ta da kokenka. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne, don haka in kana da shaida ka kai rahotonta dabam, da sunanka da sa hannunka. A cikin koken canjin aiki ambato ɗaya ya isa, da kwanan wata, ba zagi ba kirari.

Shi koken, ga yadda ake yinsa. Ka rubuta zuwa ga shugaban hukumar da ta yi canjin, ta hannun shugaban makarantar da kake ƙarƙashinsa a ranar da kake rubutawa. Tsallake na gaba da kai kuskure ne da ake mayar da takarda saboda shi, shi kuma ba shi da ikon danne ta, aikinsa ya tura ta gaba da nasa bayanin. Shafi ɗaya ya wadatar, in ya yi yawa biyu. Ka fara da lambar takardar canjin da kwanan watanta, ka ce ka bi umarni ka kama aiki ran kaza. Sai dalilanka, mafi ƙarfi a gaba. Ka haɗa da takardar likita daga asibitin gwamnati a kan ciwon mahaifiyarka. Kula da iyaye ba ya cikin abubuwan da ke tilasta wa hukuma janye canji, amma ana dubansa ta fuskar jinƙai, kuma a ƙasar da kowa ya san girman uwa ba ƙaramin dalili ba ne. Daga ƙarshe ka faɗi abin da kake roƙo a fili, ka kuma ba su hanya fiye da ɗaya: a soke canjin, ko a mayar da kai wata makaranta da ke buƙatar malamin lissafi a cikin Tambuwal, wajen Jabo ko Dogon Daji inda za ka iya kwana a gida, ko a yarda ku yi musaya da wani malami ɗan Kebbe mai son komawa kusa da gida. Jami'i ya fi saurin sa hannu a kan musaya, domin ba ta bar wani aji babu malami, ba ta kuma nuna cewa wani ya yi kuskure.

Ka yi kwafi uku. In ka kai, ka tsaya har magatakarda ya buga hatimin karɓa a kan naka kwafin, ya sa kwanan wata da hannu. Takardar da ba ta da wannan hatimi, ranar da aka ce ba a gan ta ba, ba ka da ta cewa. Kada ka yi jinkiri kuma: a ƙa'idar tarayya ba a sauraron koken da ya wuce wata shida da yanke shawara sai da uzuri mai ƙarfi, haka kuma ba a sauraron wanda ba shi da suna.

Batun tsaro ba na ɗaukarsa da wasa. Kebbe tana iyaka da Zamfara da Kebbi, kuma wasu ƙauyukanta sun sha harin 'yan bindiga. Amma faɗin "can ba lafiya" a dunƙule ba zai yi maka aiki ba, domin akwai malamai da ma'aikatan asibiti da ke kwana a can yau. Ka bincika halin ƙauyen da aka tura ka shi kansa: makarantar tana buɗe, malamai suna kwana a garin ko daga Kebbe suke zuwa, wace hanya ake bi kuma da wane lokaci. Idan ka tarar makarantar a rufe ko mutanen gari sun watse, kada ka juya gida ka yi shiru. Ka kai kanka ofishin ilimi da ke kula da yankin, ka rubuta cewa ka zo kama aiki ga abin da ka tarar, a buga maka hatimi, ka nemi a faɗa maka inda za ka riƙa sa hannu. Babu ƙa'idar da ta ce ka kai ranka inda hukuma da kanta ta janye.

Shawarar zuwa wurin ɗan siyasa kuwa ba na goyon bayanta, ko da yake na san ita ta fi saurin aiki. Ƙa'idar aikin tarayya ta hana ma'aikaci neman alfarmar manyan mutane a kan canjin wuri ko ƙarin girma ko ladabtarwa. Ban da wannan, canjin da waya ta soke waya ce za ta dawo da shi ranar da kujera ta juya, a lokacin kuma an riga an shafa maka fentin wani ɓangare. Akwai kuma abin da ya fi wannan damuna. Duk sa'ad da mai uwa a gindin murhu ya sa aka cire sunansa, sunan wani marar gata ake sawa, ko a bar gurbin babu kowa. Da haka makarantun cikin gari suka cika da malamai, yaran Kuchi da Margai da Ungushi da Girkau suna zaune suna jiran wanda zai koya musu lissafi. Kebbe da Tambuwal mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai, kujerar da Aminu Waziri Tambuwal ya riƙe daga 2003 zuwa 2015, kuma shi ne da ya zama gwamna ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a jihar. Yaran can da na Sanyinna jarrabawa ɗaya za su zauna. Jami'in da ya mayar da ƙauye wurin horon wanda ya ɓata masa rai ya zalunci mutum biyu: malamin da ya tura ba bisa ƙa'ida ba, da mutanen garin da ya nuna musu cewa garinsu gidan kaso ne. A 2025 gwamnatin jihar ta sanar da tsarin aikin karkara na dole na shekara biyu ga ma'aikatan lafiya, tare da alkawarin ƙarin alawus. Ko me mutum zai ce a kan aiwatar da shi, tsari ne da ke da wa'adi kuma ya hau kan kowa. Irinsa malamai suka cancanta, kuma irinsa ya kamata ƙungiyarku ta NUT ta riƙa nema, maimakon bin takardar mutum ɗaya-ɗaya.

Duk da haka ka sanar da shugabannin ƙungiyar na reshenku, ka ba su kwafin koken. Sau da yawa sakataren ƙungiya yana shiga ofishin da kai ba za ka iya shiga ba, kuma shigarsa halal ce.

In wata ya wuce ba amsa, ka rubuta tunatarwa, ita ma da hatimi. In an ƙi ko an yi shiru, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, tana da ofishi a Sakkwato kamar sauran jihohi, ba a biyan ko kwabo. Tana son ta ga ka bi hanyoyin cikin gida tukuna, kuma ba ta karɓar abin da ya wuce wata 12. Ba ta yanke hukunci kamar kotu, bincike take yi ta ba da shawara, amma wasiƙarta kan sa a buɗe fayil ɗin da aka danne.

Kotu ita ce ta ƙarshe. Tun gyaran da aka yi wa kundin tsarin mulki a 2010, sashe na 254C ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ita kaɗai ikon sauraron rikicin aiki, har da abin da ya shafi rashin adalci a wurin aiki da nuna bambanci, kuma tana da reshe a Sakkwato. Sashe na 42 ya hana a bambanta ɗan ƙasa saboda ƙabila ko garin asali ko jinsi ko addini ko ra'ayin siyasa, don haka wanda aka ɗaga saboda jam'iyyar da ake zargin yana so yana da ƙafar tsayawa. Amma shari'a tana cin kuɗi da shekaru, kuma a kan canjin wuri kaɗai, ba rage mataki ba tsayar da albashi, alƙalai ba kasafai suke shiga ba sai an nuna musu cewa wanda ya sa hannu ba shi da iko, ko an karya ƙa'ida a fili, ko mugun nufin ya fito a takarda. In har za ka je, ka ga lauyan da ya san shari'ar ma'aikata da wuri. Dokar kare jami'an gwamnati ta sa wa'adin wata uku na shigar da ƙara, kuma ko da yake kotuna sun yi ta kai-komo a kan ko wa'adin ya shafi rikicin aiki, kada ka jingina da wannan saɓani. Wasu hukumomin ma dokar da ta kafa su ta ce sai an ba su sanarwa a rubuce kafin a kai su ƙara, wannan ma yana cin kwanaki daga cikin wata ukun.

Ranar da za ka bar makarantarku, ka rubuta takardar miƙa aiki: rajistar aji, littafin tsarin darasi da inda ka tsaya, makin gwajin yara, littattafai da mabuɗan da ke hannunka. Wanda ya karɓa ya sa hannu, shugaban makaranta ya sa, ka riƙe kwafi, don kada bayan tafiyarka a ce wani abu ya ɓata. Ranar da ka isa can kuma, kafin ka nemi ɗakin kwana, ka sa shugaban makarantar ya rubuta takardar kama aiki da kwanan watan ranar, ya aika wa hukuma, ya ba ka taka. Idan albashi ya tsaya a watan farko ko na biyu, kamar yadda kan faru sa'ad da suna ya fita daga wata takardar biya bai shiga wata ba, takardar canji da ta miƙa aiki da ta kama aiki su za ka ɗauka zuwa ofishin albashi.

Allah ya zaɓa maka abin da ya fi alheri, ya tsare hanya. Ka gaida gyatuma da jiki.